Sauri da Nawa a Gadon Sarauta: Kireyon na Sofokilis da Agustas na Corneille

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka yi wa ɗalibai tambaya a kan halayen shugabanni a wasannin kwaikwayo na dauri, amsar da suka fi kawowa iri ɗaya ce. Sukan raba taurari gida biyu: masu garaje, waɗanda zafin zuciya ya hallaka, da masu nawa, waɗanda yawan tunani ya kashe wa jiki. Daga nan sai a ce shugaba nagari shi ne wanda ya tsaya tsaka-tsaki, a kawo "sauri ya haifi nawa" a hannun dama, a kawo "a bari ya huce shi ke kawo rabon wani" a hannun hagu, a rufe takarda. Wannan amsa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta ƙara wa mai nazari komai, domin ba ta taɓa zubi da tsarin wasan ba ko kaɗan. Ina tsaka-tsakin yake? Awa nawa sarki zai yi yana tunani kafin a ce ya wuce gona da iri?

Wannan takarda za ta dubi wasanni biyu da suka aza sarki a tsakiyar dandamali, suka ɗora masa hukuncin rai da mutuwa. Na farko shi ne Antigone na Sofokilis, wanda aka nuna a birnin Atina na ƙasar Girka wajen shekarar 441 kafin Miladiyya. Na biyu shi ne Cinna na Pierre Corneille, wanda aka buga a Faransa a 1643. Abin da ake son nunawa shi ne, marubutan nan biyu ba su auna sarakunansu da yawan lokacin da suka ɗauka. Abin da suke sa wa ido shi ne wane hukunci ake iya warwarewa bayan an yanke shi, wane ne ba a iya warwarewa, sannan su wa sarki ya bari suka yi magana kafin ya rufe ƙofa. An rubuta sunayen taurari yadda ake furta su, an bar sunayen wasanni yadda suke a bangon littafi domin sauƙin nema a ɗakin karatu.

2.0 Kireyon

Labarin a taƙaice shi ne: ƴaƴan Odifus maza biyu, Itiyokil da Folinis, sun kashe juna a ƙofar birnin Tebes, ɗaya yana kare birnin, ɗaya ya jawo rundunar Argos ta kawo masa yaƙi. Sarauta ta faɗa hannun kawunsu Kireyon. Ya ba da doka a binne Itiyokil da girmamawa, a bar gawar Folinis a fili tsuntsaye da karnuka su ci, wanda duk ya binne ta a jefe shi har lahira. Ƴar'uwar mamatan, Antigon, wadda kuma ita ce aka yi wa baiko da Haimon ɗan Kireyon, ta karya dokar.

Kafin a shiga nazari, akwai jan hankali ga waɗanda suka fara sanin wannan labari ta hannun Jean Anouilh, wanda aka nuna nasa wasan a Faris a 1944. Kireyon na Anouilh mutum ne gajiyayye, mai dogon bayani, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya rufa wa yarinyar asiri. Na Sofokilis daban yake, kuma duk wanda ya gauraya su zai tafka kuskure a sharhi.

2.1 Dokar da aka yi kafin a tara dattawa

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya lura da shi yana cikin jerin fitowa. Wasan ya buɗe da asuba, Antigon tana gaya wa ƴar'uwarta Isimen cewa an riga an yi shelar dokar. Sai bayan haka ne Kireyon ya fito gaban dattawan birni, waɗanda su ne ƴan amshin wasan, da shi kansa ya aika aka kira. Wato taron shawara ya zo bayan hukunci. Ya kira su ne su ji, su kuma tsare abin da suka ji.

Jawabin da ya yi musu ba na mahaukaci ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya sa wasan ya yi nauyi. Ya kwatanta ƙasa da jirgin ruwa, ya nuna cewa sai jirgin ya tsaya daidai ne waɗanda ke ciki za su iya ƙulla abota, kuma shugaban da ya fifita ɗan'uwansa a kan ƙasarsa ba shi da daraja. Atinawa sun ɗauki wannan magana da muhimmanci, har ta kai a shekarar 343 kafin Miladiyya Dimostin, shahararren mai jawabi, ya sa aka karanta ta a gaban kotu domin ya kunyata abokin hamayyarsa Eskin, wanda a dā ɗan wasa ne kuma ya taɓa fitowa a matsayin Kireyon. Haka kuma dokar Atina ta hana binne maci amanar ƙasa a cikin ƙasar. Birnin da ya kwana da abokan gaba a bakin ganuwa yana bukatar shugaba mai yanke magana, kuma Sofokilis, wanda shi kansa ya riƙe muƙamin jagoran yaƙi tare da Ferikilis, ya san haka. Inda Kireyon ya zarce shi ne, hana kabari a cikin ƙasa abu ne, sa ƴan gadi su tabbatar gawa ta ruɓe a idon jama'a wani abu ne dabam. Kuma ya ɗaure kansa da bakinsa tun ranar farko, ya rataya mutuncin sarautarsa a kan dokar da bai gwada ta a kunnen kowa ba.

2.2 Kalmar da wasan ya rataya a kanta

Ga ɗalibin harshe, a nan ne daɗin nazarin yake. Akwai saiwar kalma ɗaya ta Girkanci da ke ta dawowa a wasan, wato boule. Tana nufin niyyar da mutum ya ƙulla, tana nufin shawarar da aka ba shi, kuma da ita ake kiran majalisar mutum 500 ta birnin Atina. Daga gare ta aka samu euboulia, kyakkyawar shawara, da dysboulia, muguwar shawara, da aboulia, rashin shawara. Boka Tiresiyas ya yi amfani da ta farko sa'ad da yake gargaɗin sarki, dattawa suka maimaita ta, ɗan saƙon da ya kawo labarin mutuwar Haimon ya yi amfani da ta uku, shi kuma Kireyon da ya rungumi gawar ɗansa ya kira aikinsa da ta biyu.

Mai fassara zuwa Faransanci yakan rasa kalma ɗaya da za ta ɗauki waɗannan ma'anoni, sai ya rarraba su tsakanin hikima da tsantseni da hankali, amon maimaicin ya ɓace. Hausa ta fi sa'a a nan. Kalmar shawara tana da wannan fāɗi: ana ba da shawara, ana yin shawara, ana neman shawara, sannan ana yanke shawara. Abin da ake yankewa a ƙarshe shi ne abin da aka tattauna tun farko, suna ɗaya suke ɗauke da shi. Harshen ya ɗauka cewa hukunci yanki ne da aka cire daga jikin tattaunawa. Idan aka dubi Kireyon ta wannan fuska, za a ga ya yanke abin da ba a shimfiɗa ba.

2.3 Mutum huɗu da suka ƙwanƙwasa ƙofa

Tsarin tsakiyar wasan jerin mutane ne da ke zuwa gaban sarki, kowa da abin da sarki bai sani ba. A wannan wasan ƴan amshi ba su barin fili, saboda haka Kireyon ba ya samun damar zancen zuci shi kaɗai. Duk wani tunani da zai yi, dole ya yi shi da kunne, a gaban jama'a.

Dattawa ne suka fara, a hankali, suka ce ko wannan turɓaya da aka samu a kan gawar aikin alloli ne. Ya daka musu tsawa. Shi ya riga ya san amsa: maƙiyansa ne suka sayi ƴan gadi da kuɗi. Ɗan gadin da ya kawo labarin kuwa (Sofokilis ya san ban dariya) ya shigo ne yana ba da labarin yadda ya yi ta tsayawa a hanya yana juyawa, zuciya ɗaya na cewa je ka, ɗaya na cewa koma. Talaka mai tsoron bulala ya auna al'amari ta fuska biyu, sarki bai auna ba. Antigon ta zo da hujjar dokokin alloli da ba a rubuta ba, amma ta zo da ita cikin tsiwa, shi kuma sai ya mayar da maganar ta zama ta namiji da mace: muddin yana raye mace ba za ta mallake shi ba.

Fitowar Haimon ita ce ta fi cancantar karatu a tsanake. Saurayin bai roƙi a bar masa amaryarsa ba. Ya fara da ladabi, sannan ya gaya wa mahaifinsa abin da kwarjinin sarauta ke hana talakawa faɗa a gabansa, cewa gari na kukan yarinyar a ɓoye. Ya kawo misalai biyu: itatuwan bakin rafi, waɗanda masu lanƙwasawa daga cikinsu ke tsira idan ruwa ya yi ambaliya, masu tauri kuwa su tuge har saiwa, da kuma matuƙin jirgin da ya ƙi sassauta igiyar tanti har jirgin ya kife. A lura cewa misali na biyu na Kireyon ne, ɗansa ya ara ya mayar masa. Amsar uban ita ce, shin mai furfura ne zai zauna yaro ya koya masa hankali, kuma shin gari ne zai gaya masa yadda zai yi mulki? A ko'ina Kireyon yana duba bakin da ya yi magana, mace ce ko yaro ne ko bara ne, ya bar maganar a ƙasa.

Wani abin da masu sharhi kan tsallake shi ne, Kireyon yana iya canza ra'ayi, kuma cikin sauri. Tambaya ɗaya dattawa suka yi masa ya saki Isimen. Ya kuma sauya jifa da rufe Antigon da rai a cikin kogon dutse tare da ɗan abinci, don kada alhakin jini ya hau birnin. Saboda haka kiran sa mai taurin kai kawai bai wadatar ba. Yana sassautawa a inda sassaucin ba zai taɓa girmansa ba.

Na huɗu shi ne Tiresiyas. Jawabinsa na farko ƙofa ce a buɗe: hadayu sun ƙi ci da wuta, tsuntsaye sun watsa naman gawar a kan wuraren bauta, amma kowane ɗan Adam yana kuskure, kuma wanda ya gyara bai zama wawa ba. Kireyon ya zarge shi da karɓar kuɗi, zargin da ya yi wa ƴan gadi. Sai a lokacin ne makahon ya fusata ya faɗi abin da ya ɓoye, cewa sarki ya cusa mai rai a ƙarƙashin ƙasa, ya riƙe matacce a bisa ƙasa, kuma zai biya da gawa daga tsatsonsa.

2.4 Wanne aka fara, wanne aka bari

Wasan yana da layi kusan 1,350. Kireyon ya tsaya kan bakansa har wajen layi na 1,090, sannan ya rushe a cikin layukan da ba su wuce ashirin da ƴan kai ba. Mutumin da ya ce gari ba zai gaya masa abin da zai yi ba, sai ga shi yana tambayar dattawa su faɗa masa abin yi, zai bi. Wannan ba tunani ba ne, tsoro ne. Dattawan suka ce ya je ya fito da yarinyar daga kogo, ya kuma yi wa mamacin kabari, ya yi da kansa, ya yi maza.

To, ga abin da ɗan saƙo ya ruwaito. Sarki da mutanensa sun fara zuwa inda gawar Folinis take. Suka yi addu'a, suka wanke abin da karnuka suka rage, suka saro rassan itace suka ƙone shi, suka tara masa tudun ƙasa. Sai da aka gama duk wannan sannan aka nufi kogo, aka tarar Antigon ta rataye kanta, Haimon na rungume da ita. Saurayin ya tofa wa mahaifinsa yawu, ya kai masa sara bai same shi ba, ya juya takobin a kansa. Uwarsa Yuridis ta ji labari, ta shiga gida ba ta ce uffan ba, ta kashe kanta.

Akwai masanan da ke ganin bai kamata a ɗora nauyi a kan wannan jeri ba. Suna cewa marubucin ya ajiye kogon a ƙarshe ne don labarin ɗan saƙo ya tashi daga ƙarami zuwa babba, kuma babu inda wasan ya ce da an fara da kogo da an tarar da ita a raye. Gaskiya ne babu. Amma marubucin da ya sa dattawa su ambaci mai rai kafin matacce, sannan ya sa sarki ya juya jerin, bai yi haka da ka ba. Gawar da ta kwana a fili tana iya jiran awa biyu, ba abin da zai ƙara samun ta. Yarinyar da aka toshe wa bakin kogo ba ta da wannan jinkiri. Kireyon ya yi gaggawa da safe a kan abin da ke bukatar zama, ya yi nawa da yamma a kan abin da ke bukatar gudu. Cuta ɗaya ce ta fito ta fuska biyu: bai san wane abu ne lokaci ke cinyewa ba.

Atinawa sun ɗanɗani irin wannan tsere a zahiri. A shekarar 427 kafin Miladiyya majalisar jama'arsu ta yanke hukuncin kashe dukkan mazajen birnin Mitilin saboda tawaye, ta tura jirgi da umarnin. Washegari suka sake zama suka janye, suka tura jirgi na biyu, matuƙansa na cin abinci suna tuƙi, har ya iso kafin a fara yanka. Masanin tarihi Tusidid ya ruwaito cewa wanda ya yi jawabin janyewar ya ambaci gaggawa da fushi a matsayin manyan maƙiyan euboulia.

3.0 Ratse zuwa Hamlet

Tun da Coleridge ya bayyana Hamlet na Shekspiya a matsayin mutumin da tunani ya yi wa yawa, ake kafa shi a matsayin kishiyar irin su Kireyon. Fitowa biyu da ke jere a kashi na uku sun isa su raunana wannan ra'ayi. A ta farko yariman ya samu Kalodiyas shi kaɗai a durƙushe, bayan ya riga ya samu shaidar da yake nema, ya mayar da takobi kube saboda kada ya aika shi aljanna yana cikin addu'a. A ta biyu ya ji motsi a bayan labule a ɗakin mahaifiyarsa, ya soka takobi bai ɗaga labulen ba, sai ga Foloniyas. Daga wannan suka ne haukar Ofiliya da fansar Layatis suka taso. Ɗaga labule ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu.

4.0 Agustas

Corneille lauya ne, haifaffen birnin Ruwan na lardin Normandi a 1606. A 1639 talakawan lardin suka yi bore saboda haraji, gwamnatin Kadinal Richelieu ta murƙushe su, a farkon 1640 kuma aka turo Séguier, shugaban shari'a na masarauta, ya shigo Ruwan da sojoji ya yi ta yanke hukunci. Masu nazari da yawa suna danganta wasan da wannan yanayi. Labarin kansa ya samo shi ne daga littafin da Seneka ya rubuta wa Sarki Neron a kan afuwa, ta hannun Montaigne wanda ya sake ba da shi da Faransanci.

Agustas, sarkin Rum, ya hau mulki ta kan gawawwaki. Cikin waɗanda ya sa aka kashe har da Toraniyas, wanda ya rene shi. Daga baya ya ɗauki ƴar mamacin, Emili, ya riƙe ta kamar ƴarsa. Ita kuwa ta sa wa masoyinta Sinna, jikan Fomfe, sharaɗin aure: kan Agustas. An shirya kisan washegari, a Kafitol, lokacin hadaya. Ƙa'idar wasan Faransa ta wancan ƙarni ta tilasta a gama komai cikin yini ɗaya, kuma a nan ƙa'idar ta yi wa marubucin aiki, domin ta mayar da lokaci abu mai tsada ga kowane tauraro.

Agustas yana yin abin da Kireyon ya ƙi yi, wato neman shawara, amma Corneille bai nuna cewa wannan kaɗai magani ne ba. A kashi na biyu sarkin ya kira aminansa biyu, Sinna da Makzim, ya tambaye su ko ya sauka daga mulki, bai san su ne shugabannin maƙarƙashiya ba. Makzim ya ce ya sauka. Sinna ya ce ya zauna, domin in ya sauka ba sauran hujjar kashe shi, ba kuma sauran aure. Sarki ya bi Sinna, har ya ba shi Emili tukwici. An yi zaman shawara mai tsawo, da hujjoji masu tsari a kan mulkin sarki da mulkin jama'a, duk a kan ƙarya. Wanda ke tsammanin tara mashawarta shi ne tunani, ya sake karanta wannan fitowa.

A kashi na huɗu asiri ya tonu ta bakin Yufob, ƴantaccen bawan Makzim. A nan ne ya kamata a bi matakan sarkin ɗaya bayan ɗaya. Nan take ya aika a kira Sinna, aka kuma tsare ƴantattun bayin da ke da hannu. Wannan shi ne abin da ba ya jira, tunda gobe ne ranar, kuma abu ne da ake iya warwarewa, wanda aka tsare ana iya sakinsa. Abin da ba a iya warwarewa, wato kisa, shi ya riƙe. Sai ya shiga dogon zancen zuci, wanda ɗaliban makarantun Faransanci suka daɗe suna haddacewa. Ya tuna jinin da ya zubar, har da na mutanen Ferujiya, ya ce wanda bai bar kowa ba, da wane baki zai nemi a bar shi. Ya ce a kashe Sinna. Ya ce kisa ya gajiyar da shi, kan da ya sare wasu ne ke tsirowa a gurbinsa. Ya ce gara shi ya mutu. Jawabin yana da kyau ƙwarai, amma a dubi inda ya ƙare: bai yanke komai ba. Tunanin mutum shi kaɗai ya yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Matarsa Lifiya ce ta kawo sabon abu. Ta lissafa masa waɗanda ya kashe saboda maƙarƙashiya, Salbidiyan da Lefidus da Murena da Kefiyo da Egnatiyas, kowanne ya tashi bayan an kashe na gabansa. Tunda tsanani bai yi magani ba, a gwada afuwa. Amsarsa ta yi kama da ta Kireyon har abin ya ba da mamaki: ya ce shawarar mata ce, ya tashi ya bar ta. Bambancin shi ne bai bi wannan raini da umarni ba. Ya fita a fusace, Sinna kuwa yana raye.

Kashi na biyar duka sauraro ne da bayyana gaskiya. Sarki ya zaunar da Sinna a kujera, ya sa shi alkawarin ba zai katse shi ba, ya lissafa masa alheran da ya yi masa, sannan ya zayyana masa shirin kisan dalla-dalla, wuri da lokaci da sunaye. Sai Emili ta shigo ta ce ita ce tushen abin. Sai Makzim, wanda aka ce ya faɗa kogin Tibar, ya bayyana ya ce ba don biyayya ya tona asirin ba, kishin Emili ne ya sa shi. Duka uku, kowanne ya fi na baya zafi. A daidai lokacin da kowa ke jiran takobi ne Agustas ya yafe musu, ya miƙa wa Sinna hannun abota, ya tabbatar masa da auren, ya ƙara masa da muƙamin konsul na shekara mai zuwa. Hukuncin ya zo cikin ƴan layuka, da sauri irin na Kireyon. Amma da ya yanke shi a kashi na huɗu, da ya yanke shi da kashi ɗaya bisa uku na labarin, domin bai san da Emili ba, kuma yana ɗaukar Makzim mai nadama ne da ya kashe kansa.

5.0 Inda hujjar Corneille take da rauni

Ba kowa ya gamsu da wannan juyi ba. Madam de Rémusat ta ruwaito cewa Napoliyon ya ce bai fahimci afuwar ba sai ranar da ya ga ɗan wasa Monvel ya furta tayin abotar da murya ta makirci, sai ya gane dabarar siyasa ce, ya kuma yaba. Wannan karatu ya fi gaya mana halin Napoliyon, amma yana da madogara a cikin wasan, tunda hujjar Lifiya ta riba da asara ce, ba ta tausayi ba.

Wataƙila shi ya sa ƴan wasan Faransa na ƙarni na 18 suka riƙa cire Lifiya gaba ɗaya, Voltaire kuma ya goyi bayan hakan a sharhin da ya yi wa wasannin Corneille a 1764. A ganinsu girman sarki yana raguwa idan aka ga cewa daga bakin matarsa tunanin ya fito. A nawa ganin wannan yanka ya ɓata wasan. Idan babu Lifiya, afuwar tana saukowa ne kamar walƙiya daga zuciyar gwarzo, ba abin da mai kallo zai koya daga gare ta sai tafi. Idan tana nan, muna ganin mutum ya ji maganar da ya raina, ya ƙi ta da baki, ta kwanta masa a rai, ta yi aiki daga baya. Masu cire ta sun yi wa wasan abin da Kireyon ya yi wa Haimon.

Babban raunin yana ƙarshen wasan. Corneille ya sa Lifiya ta yi annabcin cewa daga ranar ba wanda zai sake ƙulla wa sarki makirci, wato ya biya afuwar lada a gaban idonmu don kada mu yi shakka. Tarihi ya tabbatar da cewa Sinna ya zama konsul a shekara ta 5 Miladiyya. Amma Yuliyas Kaisar, wanda Agustas ya gāda, ya yafe wa Burutus da Kasiyas bayan yaƙin basasa, su ne kuma suka jagoranci sukarsa a shekarar 44 kafin Miladiyya. Montaigne ya san da wannan matsala, shi ya sa babin da ya kawo labarin Sinna a ciki yake magana a kan yadda shawara iri ɗaya ke haifar da sakamako mabambanta. Ya jera labarin Agustas da na wani basaraken Faransa, wanda masana suka tabbatar François de Guise ne. Lokacin da yake kewaye da birnin Ruwan da yaƙi a 1562, aka kawo masa wani da aka aiko ya kashe shi, ya yi masa tambayoyi, ya sallame shi lafiya. A watan Fabrairu na 1563 wani dabam ya harbe shi a kusa da Orleyan, ya mutu bayan kwana shida. Corneille ɗan Ruwan ne, babin nan yana buɗe a gabansa sa'ad da yake rubutu, ya ɗauki rabin da ya shafi Agustas ya bar ɗaya rabin.